EOD ɗina tana zafi a hanyar Zariya, bakanike ya ce sai an buɗe inji

Abban Hanifa, Kano

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka san mota, don a makon nan ake so a kwance min kan inji, ni kuma hankalina bai kwanta ba.

Honda Accord ce ƙirar 2004, wadda muke kira EOD, mai silinda huɗu, otomatik. 'Yar Kwatano na saya, kuma tun da ta shigo hannuna ba ta taɓa ba ni ciwon kai ba sai bana da zafi ya kankama. Aikina a Kano yake, iyayena suna Zariya, don haka kusan duk ƙarshen mako ina kan wannan hanya.

Ga yadda abin ya fara. A cikin gari lafiya lau. Ko a cunkoson Kurna da rana tsaka, esi a kunne, allurar zafi tana ƙasa da rabi kaɗan, inda na saba ganinta. Amma da na fita gari na wuce Kura na ɗora ƙafa, maleji ya haura 100, sai allurar ta soma hawa a hankali. Kafin Kwanar Ɗangora ta tsallake rabi. In na kashe esi na sauko 80 sai ta dawo gurbinta, in na sake takawa ta sake hawa.

Na kai wa bakanikena. Da farko ya cire tamostat, wato bawul ɗin da ke tare ruwa har inji ya ɗauki zafi, ya ce wannan na ƙasashen sanyi ne. Bai magance ba, sai dai yanzu da safe sai in isa wurin aiki allura ba ta ko motsa ba, man fetur kuma na ga kamar tana ƙara sha. Na koma, ya kira wani yaro mai wayarin ya haɗa fankokin biyu darek, da an murɗa makulli suna juyawa. Ya kuma zura tiyo a bakin lagireto ya wanke shi da omo, ba tare da ya sauke shi ba. Daga nan ne ma abin ya ƙaru. Tun daga Ciromawa allura take tashi, kuma esi ya rage sanyi idan ina tsaye. Ranar da ta fi ba ni tsoro a Tashar Yari na faka, na ɗaga bonet na tarar jarkar ruwan nan ta gefe ta cika tana amai, ana jin ruwa yana ƙugi a tiyon sama. Ban bari allura ta taɓa ja ba, amma saura ƙiris.

Yanzu ya ce magana ta ƙare, gasket ne ya ƙone, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa, a ɗaga kan inji a kai a goge shi a sa sabo. Kuɗin da ya yanka min ya kusa cinye albashina na wata.

Abin da na lura da shi ni dai: baƙin mai tas yake, babu alamar ruwa. Salansa ba ta fitar da farin hayaƙi. Da safe bugu ɗaya take tashi, ba ta rawa. Ruwa ba ya raguwa in ina yawon cikin gari, sai na yi doguwar tafiya ta amayar. Ruwan bohol ɗin gidanmu ake zuba mata, wani lokaci fiyawata idan ina hanya.

Shin da gaske gasket ne? In ba shi ba ne, me zan ce a duba, kuma wanne za a fara? Allah ya saka da alheri.

Direban Layin Maiduguri

Wa alaikumus salam. Malam, ni ba bakanike ba ne, amma hanya ce ofishina, kuma Damaturu a watan Afrilu ta koya min abin da makaranta ba ta koyarwa. Lagireton da waɗannan motocin ke zuwa da shi mai layi ɗaya ne, siriri, kuma ya riga ya tsufa tun kafin ya tsallako teku. Je Ƙofar Ruwa ka nemi dabul sel, wato mai layi biyu, ka ɗora ka huta. Duk motar da na riƙe abin da na fara yi mata ke nan.

Batun tamostat kuwa ina bayan bakanikenka. Garin da ake kwana ana gumi me za a yi da abin riƙe zafi?

Kafin ka gyara, ga abin da zai fisshe ka a hanya. In ka ga allura ta ɗaga, kashe esi nan take. In hitar motarka tana aiki, murɗa ta zuwa ƙarshe ka sauke gilasai. Za ka sha wuya a ciki, amma tana janye zafi daga inji sosai. In duk da haka ba ta sauka ba, ka sauka gefen titi ka kashe. Kuma don girman Allah kada ka taɓa murfin lagireto da zafinsa. Na ga yaron mota a Potiskum da ya buɗe da tsumma yana ganin ya iya, ruwan ya wanke masa hannu da ƙirji, sai da ya yi jinya mai tsawo. Ka jira har sai ka iya riƙe tiyon sama da hannu ka matsa ka ji ya yi laushi. Kada kuma ka kwara ruwan sanyi a cikin inji mai zafi, kan inji na iya tsagewa.

Wasu za su ce maka ka fasa ɗanyen ƙwai ko ka zuba garin barkono a ciki. Wannan dabarar mai yoyo ce a tsakiyar daji, don ya kai gari. Taka ba yoyo take ba, kar ka fara.

Tsohon Bakanike, Kaduna

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Abban Hanifa, kada ka bari a ɗora sifana a kan injin nan tukuna. Ban ga motar ba, ba zan rantse cewa gasket ɗinka lafiya yake ba. Amma bayaninka bai nuna can ba, kuma gasket ana tabbatar da shi ne inji yana haɗe. In aka riga aka kwance, duk wanda aka ciro sai ya yi kama da wanda ya lalace, ba ka da bakin musu.

Duk wanda ya kawo min mota mai zafi, tambayata ta farko ita ce yaushe take yi. Wadda ke zafi a tsaye ko a cunkoso, ta huce in hanya ta buɗe, iska ce ba ta isar ta, sai a bi fanka da rile da fiyus. Wadda ke tafasa 'yan mintuna bayan an tayar, ko ina take, ita ce ake zargin tamostat ya maƙale a rufe, ko babu ruwa, ko gasket. Taka kuwa ta uku ce: lafiya a gari, zafi a guje. A gudun 100 iskar da ke dukan gaban mota ta fi ƙarfin abin da fanka za ta iya jawowa, saboda haka tun farko babu dalilin taɓa fankokin nan. A wannan gudun inji yana ƙona mai da yawa, zafin da yake fitarwa ya ninka na sulo nesa ba kusa ba, ga esi yana ƙara nasa ta kwandensa da ke gaban lagireto. Lagireton ne ya kasa kwashewa. Ko ruwa ba ya ratsa shi duka, ko iska ba ta ratsa shi, ko famfon ruwa ba ya turowa da ƙarfi. Shi ya sa in ka rage gudu take dawowa: ka rage masa kaya zuwa abin da zai iya ɗauka.

Kai da bakinka ka ce ruwan bohol take sha. Leƙa cikin butar da ake dafa shayi da wannan ruwan a gidanka, ka ga farin ɓawon da ya kama gindinta. Shi ne yake taruwa a cikin bututun lagireto, su kuwa sirara ne ƙwarai, ɗan ɓawo kaɗan ya ishe su. Ga tsatsa da cin ƙarfe, tunda ruwa tsura ba shi da maganin da ke hana su. Wankin da aka yi da tiyo bai yi komai ba. Ruwa yana bin bututun da ke buɗe ya fita ta ƙasa, mai wanki ya ga ruwa yana zuba ya ce ya fita tas, toshassun suna nan yadda suke. In wani ya ce zai jiƙa maka shi da soda, ka ƙi, soda tana cin alminiyam.

Yadda za ka gane: ka yi tafiya inji ya ɗauki zafi, ka kashe, ka zare makulli ka sa a aljihu, a cire filogin fankokin. Sai a shafa jikin lagireto ta bayansa da bayan hannu, a hankali. Ruwa daga sama yake shiga ya sauka ƙasa, don haka sama ya fi zafi, yana raguwa har ƙasa, amma daga hagu zuwa dama ya kamata ya zama ɗaya. In ka ji wani sashe yana ƙuna, kusa da shi kuma da sanyi-sanyi, wannan sashen ya mutu. Sannan a haska tocila tsakanin kwandensa da lagireto. Wurin nan ba wanda ke dubawa, kuma ƙurar hunturu da ƙwari da ledoji can suke tarewa. Daga waje ka ga gaba fes, tsakiya kuwa a cushe.

Abu na biyu, murfi. Mutane suna raina shi don ƙarami ne. Duba samansa za ka ga lamba, na irin motarka 1.1 ne. Ruwa a buɗe yana tafasa a digiri 100, amma idan murfi ya matse shi da wannan ƙarfin sai ya kai wajen 120 bai tafasa ba. In robar murfin ta tsage ko sifirin ya saki, ruwa zai tafasa da wuri ya gudu cikin jarka. Akwai kuma wani ɗan bawul a tsakiyarsa da ke barin ruwan ya dawo idan inji ya huce. In ya mutu, kullum jarka a cike, lagireto da saura. Aman da ka gani a Tashar Yari zai iya zama wannan kaɗai.

Yanzu gasket. Da sassafe, inji ya kwana da sanyi, buɗe murfi ka cika ruwa har baki, ka tayar ka tsaya kana kallo. 'Yan kumfa biyu uku su fito su tsaya ba komai ba ne, iska ce. Amma in kumfa na ta ɓulɓulowa ba yankewa, in an taka totur ta ƙaru ko ruwa ya yi tsalle waje, to hayaƙin silinda ne ke kutsawa cikin ruwa. Gwaji na biyu, wata safiyar, murfi a rufe: matsa tiyon sama ka ji laushinsa, a tayar, ka sake matsawa bayan minti ɗaya. Ruwa bai isa ya yi zafi a minti ɗaya ba, in tiyon ya riga ya yi tauri, wani abu ne daban ke hura shi. Sai a ciro fulogai huɗun a jera su. In ɗaya ya fita daban, fari tas kamar an wanke shi, ruwa na shiga wannan silindar. Akwai kuma wani ruwa shuɗi da ake ɗorawa a bakin lagireto cikin kwalba, in akwai hayaƙin inji sai ya koma ruwan ɗorawa. Garejin da ke da shi zai yanke maka hukunci cikin mintuna kaɗan. Ka lura, tsabtar baƙin mai ba ta wanke gasket gaba ɗaya, yana iya ƙonewa tsakanin silinda da hanyar ruwa bai taɓa hanyar mai ba. Shi ya sa nake so ka yi gwajin kumfa ɗin.

Famfon ruwa shi ne na ƙarshe a jerina, don ya fi wuyar gani. Ruwa tsura yana iya cinye fukafukansa har ya zama yana juyawa ba ya tura abin kirki. A duba ƙasansa ko akwai sawun yoyo da ya bushe, a girgiza fulinsa a ji ko yana wasa, a duba fanbel ko ya saki. In lagireto ya fita lafiya, to a kwance famfon a gani da ido.

Direba ɗan'uwana, dabul sel ba laifi ba ne in mai kyau ne, amma sau da yawa abin da ya warkar da motar shi ne an cire toshasshe an sa buɗaɗɗe, ba yawan layin ba. Tamostat kuma ba ni tare da kai. Na wannan injin a digiri 78 yake fara buɗewa, kafin 90 ya wuce ya buɗe gaba ɗaya, daga nan ba ya tare komai. Wanda ke buɗe yaya zai sa mota zafi? Ga shi an cire, motar ba ta daina ba. Wanda ya maƙale ne mugu, kuma gane shi ba wuya: jefa shi a tukunyar ruwa a kan wuta, in bai buɗe ba kafin ruwan ya tafasa, ya mutu, a sayi wani. A wasu injinan ma tamostat ne ke rufe wata gajeriyar hanya da ruwa ke bi ya koma inji. In babu shi, wani kaso na ruwan yana ta zagaye a ciki bai je lagireto ba.

Mai Wayarin, Sabon Garin Zariya

Baba ya gama magana a ɓangaren ruwa, Allah ya ƙara lafiya. Ni wuri ɗaya ne ya tsaya min a bayaninka, Yallaɓai: ka ce bayan an haɗa fanka darek abin ya ƙaru, kuma esi ya rage sanyi a tsaye. Wannan ba ƙaramar magana ba ce a wurinmu.

Motar fankar nan in aka juya mata waya, wuta ta koma gurbin ƙasa, ba ta ƙin juyawa. Juyawa take da baya. Maimakon ta zuƙo iska daga waje ta ratsa kwandensa da lagireto, sai ta riƙa tura iskar cikin bonet mai zafi zuwa gaba. Kunne ba ya bambancewa, ƙara ɗaya ce. A kan hanya kuma sai ta zama tana kokawa da iskar da ke shigowa, gefen nan na lagireto ya rasa iska daidai lokacin da ya fi buƙata. Yaran da ke yanke filogi su murɗa waya da hannu suna yawan yin haka, musamman in launin wayoyin ya dushe.

Gwajin ba ya cin ko sisi. Motar na sulo, fankoki na juyawa, ɗauki fallen takarda ka kai gaban kwandensa, ɓangaren dama sannan hagu. Ya kamata ta manne a duka biyun. In wani gefe ya ture ta, ka kama ɓarawo. Ka dai kiyaye hannun riga da yatsu.

Ko da ma daidai suke juyawa, ka sa a mayar da su kan rile yadda kamfani ya yi. Ba a yi su don su yi ta gudu daga Kano har Zariya ba hutu ba. Gawayin cikinsu zai cinye da wuri, kuma in an tsallake fiyus, ranar da waya ta gogu da bodi sai dai a nemi yashi. Yadda aka tsara, kunna esi yana tayar da su, in kuma esi a kashe yake sai ruwa ya kai zafin da aka ƙayyade su tashi da kansu, su tsaya in ya sauka.

Sannan kada ka dogara da allura kaɗai. A yawancin motocin zamani an yi ta ne ta zauna wuri ɗaya muddin zafin yana cikin iyaka, ba ta bin kowane digiri. Kafin ka ga ta motsa an riga an yi nisa. Motocin da aka yi wa kasuwar Amurka tun daga 1996 suna da soket ɗin kwamfuta a ƙarƙashin sitiyari. Akwai 'yar na'ura mai araha da ake soka wa a wurin, ta haɗu da wayarka, ta nuna maka zafin ruwa da lamba kana tafe. Ba wa na kusa da kai wayar ya riƙa karanto maka. In an sa kwamfuta aka ga P0128, kada wani ya tsorata ka, motar ce ke ƙorafin ruwa ba ya kai zafin da ya kamata, wato tana neman tamostat ɗinta. Shan man da ka gani ma daga nan yake: muddin kwamfuta na ganin inji da sanyi, mai take ƙara masa.

Maman Sadik, Katsina

Abban Hanifa, ni tawa da gaske gasket ne, bari in gaya maka yadda ta yi ka gwada da taka. Corolla ce. Kullum da safe sai an ƙara ruwa, kuma ko ɗigo ba a gani a ƙasa inda ta kwana. In an tayar sai ta yi ta kakkarwa na ɗan lokaci kafin ta daidaita, ga farin hayaƙi mai wani irin wari zaƙi-zaƙi da ba ya bajewa da wuri. Daga baya murfin baƙin mai ya fara yin wani farin kitse a cikinsa. Babu ko ɗaya cikin waɗannan a labarinka.

Abin da ya ƙarasa ta shi nake so kowa ya ji. Ƙanena ya ɗauke ta zuwa Funtuwa, allura ta hau, yana ta lallaɓawa, can sai ya ga ta sauko da kanta har ƙasa. Ya yi hamdala ya ƙara wuta. Ashe ruwan ne ya ƙare ƙaf, abin auna zafin ba ya cikin ruwa balle ya auna. Bai yi nisa ba inji ya buga. Sai wani injin muka saya. In allura ta hau sannan ta faɗo haka kawai ba ka yi komai ba, tsaya a inda kake.

Direban Layin Maiduguri

Baba, na ji bayaninka kuma girmanka ne. Amma Fijo 504 da J5 da muka yi ta kora shekara da shekaru ba tamostat, wa ya ga sun mutu?

Tsohon Bakanike, Kaduna

Sun mutu mana, a hannunmu ake yi musu ringi. Kuma waɗancan babu kwamfutar da ke auna zafin ruwa ta yanke yawan man da za ta bayar. Ta Abban Hanifa tana da ita. Ka bar shi ya yi gwajin tukuna.

Abban Hanifa, Kano

Jama'a na dawo da labari, Allah ya biya ku.

Da asuba bayan na dawo masallaci na yi gwajin kumfa kamar yadda Baba ya ce. Wasu 'yan ƙanana suka fito suka tsaya, na taka totur ruwan ya ɗan motsa, shi ke nan. Washegari na gwada tiyo, minti ɗaya ya wuce yana nan da laushinsa. Da na juya murfin kuwa, robar ta tsattsage, gefe guda ma ta gutsure.

Sai takarda. Gefe ɗaya ta manne, ɗaya gefen iska ta wurgo min ita a ƙafa. Mai Wayarin, kamar kana wurin.

Na kai ta wani gareji daban inda suke aikin lagireto kawai. Da suka kwance ƙusoshin sama suka ɗan tura shi baya, abin da ke tsakaninsa da kwandensa sai da aka sa hannu aka yaye shi: ƙura ta haɗu da gashin kaji da ledar fiyawata da busassun fari, ta zama fai-fai guda, ta rufe kusan duk rabin ƙasa. Suka sauke shi, mai aikin ya buɗe tankin sama a gabana. Bakin bututu da yawa ba a ko ganin raminsu, wani farin abu mai tauri gauraye da jan laka ya shafe su. Ya zuba ruwa daga sama ya ce in duba, ta gefe biyu kawai yake sauka, tsakiya shiru. Ya ce zai iya zura ƙarfe ya bi su ɗaya bayan ɗaya, amma bututun sun yi laushi, tankin roba kuma in an buɗe an mayar ba lalle ya riƙe ba. Na ce a sa wani. Mai layi ɗaya na samu mai kyau, Direba ka yi haƙuri.

An mayar da tamostat sabo mai lamba 78, an sa murfi 1.1, an gyara filogin fankoki an mayar kan rile. Famfon ruwa ba ya yoyo ba ya wasa, sai muka bar shi. An ɗauraye injin har ruwa ya fito fari, aka zuba kulan, wato ruwan lagireto na kamfani, irin wanda aka riga aka haɗa, ba a ƙara masa ruwa.

Na ari 'yar na'urar nan wurin wani abokin aiki, muka kama hanyar Zariya da azahar, esi a kunne, ƙanena na riƙe da waya. Har muka shiga gari lambar tana wasa tsakanin 84 da 90, allura ba ta ɗaga ba. A ƙofar gida na kashe esi na bar ta tana sulo, ta haura 90 da 'yan kai, fanka ta tashi da kanta, ta sauko, ta tsaya. Bakanikena na da ya ce wai gasket ɗin yana nan, lokaci kawai yake jira. Ban tanka masa ba.

Abu ɗaya ne ya rage min, Baba. Washegarin tafiyar na ga ruwan jarka ya sauka da kamar faɗin yatsu biyu daga inda aka cika shi. Babu jiƙa a ƙasa. In damu?

Tsohon Bakanike, Kaduna

Alhamdu lillahi. Wannan saukar ta farko iska ce da ta maƙale lokacin zuba ruwa, ta fita, lagireto ya zuƙi ruwa daga jarka ya cike gurbinta. Alama ce ma sabon murfin yana aiki. Da safe inji da sanyi, buɗe lagireton ka tabbata yana cike har wuya, ka cika jarka zuwa layin sama da irin kulan ɗin da aka zuba, ka ja layi da biro a jikinta. Ka riƙa dubawa kullum da safe kafin ka tayar, kada ka gwada na safe da na rana, don da zafi ruwa yana hawa. Cikin 'yan kwanaki ya kamata ya tsaya cak. In mako biyu suka wuce yana ci gaba da sauka, a fara duba bakin tiyoyi da kilif-kilif ɗinsu da famfon ruwa. In duk a bushe suke, sai ka nemi gwajin shuɗin ruwan nan, don injin alminiyam ne kuma ya ɗanɗana zafi a Tashar Yari.

Wani abu da masu lagireto ke mantawa: motarka otomatik ce, man giya yana bi ta cikin tankin ƙasa na lagireto ya huce. Da suka cire ƙananan tiyoyin nan biyu dole wani ya zube. Ka duba bakinsu ko suna tsattsafo, sannan ka auna man. Honda ba a auna ta inji na aiki. Ka yi tafiya ta yi zafi, ka faka a wuri mai daidai, ka kashe, ka zaro sandar giya cikin minti ɗaya zuwa ɗaya da rabi. In ya gaza, a ƙara da na Honda, DW-1, kada a zuba maka na jarkar bakin titi.